Taga, Rufi Ko Inshorar Ambaliya: Ina Mai Gida A Gaɓar Amurka Zai Fara Zuba Kuɗinsa Kafin Guguwa?

Bayan an idar da sallar Juma'a a watan Afrilu, wani ƙanina da ya sayi gida bara a yammacin Houston ya ja ni gefe. Ya ce, "Yaya, ina da 'yan kuɗi da na ware, ba su kai dala dubu goma ba. Maƙwabcina ya ce in canza tagogi, mai inshora ya ce in ƙara ta ambaliya, uwargida kuma janareta take so. Wanne zan yi?" Duk mai gida daga Texas zuwa Louisiana, Florida har Carolina ya san wannan tambaya, domin kuɗin ba sa isa a yi komai lokaci guda, lokacin guguwa kuma ba ya jiran kowa. Yana buɗewa ranar 1 ga Yuni, ya rufe 30 ga Nuwamba, zafinsa yana tsakanin tsakiyar Agusta da tsakiyar Oktoba.

Amsar da na ba shi a tsaye ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa na zauna na baje ta a nan.

Da me za a auna?

Na farko, kuma shi ne uban sauran: wane maƙiyi wannan abu yake tarewa, iska ko ruwa? Mahaukaciyar guguwa makamai biyu take zuwa da su, kuma kamfanonin inshora sun raba su kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba. Sai kuɗi: sau ɗaya za a biya, ko duk shekara? Sai ɗorewa. Sai sauƙi, amma ba sauƙin ranar saye ba. Ina nufin ranar da aka ce guguwa ta kusa, layin gidan mai ya kai titi, yara suna kuka, kai kuma kana kan tsani. Na ƙarshe, ta ina abin zai iya ba ka kunya bayan ka sakankance?

Kafin mu shiga zaɓin, buɗe takardar inshorar gidanka ta yanzu. Mafi yawan mutane ba su taɓa wuce shafin da aka rubuta kuɗin shekara ba. Abu biyu za ka nema. Na ɗaya, inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ambaliya. In iska ta yaye rufi ruwan sama ya zubo ta sama, wannan nata ne. In ruwa ya taso daga ƙasa ya shigo ta ƙofa, ko teku ce ta tumbatsa ko kwata ce ta cika, babu ruwanta, ko da guguwar ɗaya ce ta kawo duka biyun. Bayan guguwar Katrina a 2005 an shekara da shekaru a kotuna ana jayayya kan gidajen da ba abin da ya rage sai daɓe: iska ce ta fara rushe su ko ruwa?

Na biyu shi ne kason mai gida, wato abin da za ka ɗauka daga aljihunka kafin kamfani ya fara biya. Na guguwa daban yake, kuma galibi da kashi cikin ɗari ake lissafa shi. A Florida akan ba da zaɓin dala 500, ko kashi 2, 5 ko 10. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne, kason na darajar da aka yi wa gidan inshora ne, ba na ɓarnar da aka yi ba. Gidan da aka rubuta dala 300,000, kashi 2 ɗinsa 6,000 ne, kashi 5 kuwa 15,000. Idan gyaran rufinka ya tsaya a 12,000 kana da kashi 5, ko sisi ba za ka gani ba. A gundumomi 14 na bakin tekun Texas da wani ɓangare na gundumar Harris, inda Houston take, kamfanoni da yawa ma cire iska suke yi daga takardar, sai ka saye ta daban a wurin TWIA, ƙungiyar inshorar iska da jihar ta kafa.

Katako

Falankin filawud shi ne garkuwar talaka. 'Yan ɗaruruwan daloli sun isa rufe tagogin matsakaicin gida, in dai ka sayi mai kaurin 5/8 na inci, ka yanka kowane daidai da tagarsa, ka rubuta masa lamba, ka huda wuraren sukuru tun ana zaune lafiya. Yana tare reshe da tarkacen da iska ke jifa da su. Sai dai nauyi gare shi, mutum ɗaya ba ya ɗora shi a bene, laima tana cinye shi a gareji cikin 'yan shekaru, kuma galibi ba ya jawo wani ragin kirki a kuɗin inshora. Wanda ya bari sai an yi shela kuwa zai tarar da shagunan kayan gini wayam.

Salatif da ake mannawa a gilashi kamar alamar giciye ba ya hana komai. Wahalar kankarewa kawai yake bari.

Marufan ƙarfe

Iri uku aka fi gani. Akwai faranti na alminiyam da ake ajiyewa a gareji a ɗaura lokacin buƙata. Su ne mafi araha a cikinsu, amma aikin yini ne, kuma bakinsu yana yanka hannu, kada ka taɓa su ba safar hannu. Akwai masu naɗewa a gefen taga da ake ja su haɗu a tsakiya a kulle, waɗanda tsohuwa ita kaɗai za ta rufe gidanta da su cikin rabin sa'a. Sai masu saukowa daga sama irin ƙofar shagon kasuwa, wasu har da injin lantarki a ciki. Waɗannan su ne masu tsada, kuma in ka sa masu lantarki ka tabbata akwai hannun murɗawa, domin wuta ce ke fara ɗaukewa.

Kuɗinsu daga dubbai kaɗan yake tashi zuwa sama da dubu goma, gwargwadon iri da yawan tagogi. Suna shekaru masu yawa in ana shafa musu mai, musamman kusa da teku inda gishiri ke cin ƙarfe. Haɗarinsu guda ne da ba a cika faɗa ba: gidan da aka bari a rufe bayan guguwa ta wuce, ana kunna kyandir saboda babu wuta, in gobara ta tashi babu ta inda za a fita.

Tagogi masu jure duka

Gilashi biyu ne da leda mai ƙarfi a tsakani, kamar gilashin gaban mota. Yana tsagewa amma ba ya buɗewa. Gwajin da ake yi masa a gundumar Miami-Dade ta Florida abin kallo ne: ana harba masa guntun katako mai nauyin fam 9 da gudun ƙafa 50 a daƙiƙa, kusan mil 34 a sa'a. Wannan tsanani gadon guguwar Andrew ne, wadda ta niƙe garin Homestead a Agustan 1992, ta durƙusar da kamfanonin inshora da dama, har ta sa Florida ta fito da dokar gini ta bai ɗaya da ta fara aiki a 2002.

Me ya sa ake damuwa da taga haka? Ba don gilashin ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar kafa ɗaya ta buɗe, iska ta cika gidan kamar balan-balan, tana tura rufi daga ciki yayin da ta waje ke jan sa sama. Saboda haka ƙofar gareji, wadda ita ce kafa mafi girma kuma mafi rauni a gidaje da yawa, ta fi tagar ɗakin kwana muhimmanci, kuma ƙarfafa ta bai kai kuɗin canza tagogi ba ko kusa.

Ta fuskar sauƙi babu kamarsu, ko kana hutu a gida Najeriya gidanka a shirye yake. Suna rage ƙara da zafi, ɓarawo ma yana shan wuya. Amma gida guda yakan ci dubun-dubatar daloli, a jira makonni ko watanni kafin a kawo, ga neman izinin hukuma. Kuma rabi ba ya amfani wajen ragin inshora: takardar binciken da ake cikawa a Florida, wadda ke aiki shekara biyar, da kafa mafi rauni take auna gidan. Ka canza tagogi goma ka bar ƙofar gilashi ta baya, ragin ya tafi. Ga ƙanina mai ƙasa da dubu goma, wannan ba layinsa ba ne bana.

Rufi

A wurina nan ne kuɗin iska ya fi yin aiki, ko da yake babu maƙwabcin da zai gani ya yaba. Abu biyu ake yi. Akwai 'yan ƙarafa da ke ɗaure katakon rufi da bango, waɗanda tsofaffin gidaje da yawa ba su da su, ƙusa ce kawai aka karkata aka buga. Sau da yawa ana iya ƙara su ta cikin silin ba tare da an yaye komai ba. Sai kuma tsarin FORTIFIED na IBHS, cibiyar binciken ƙarfin gini ta kamfanonin inshora: ƙusoshi masu zobe da ba sa zarewa, a liƙe duk haɗin katakon da ke ƙarƙashi don ko saman ya tashi ruwa ba zai zubo ba, a ƙarfafa gefuna inda iska ke fara sa yatsa.

In rufinka ya tsufa dama za ka canza, ƙarin kuɗin yin sa ta wannan hanya kaɗan ne a kan jimillar aikin. In sabo ne, yaye shi don wannan asara ce. Alabama da Louisiana suna da shirin tallafi har dala 10,000 na irin wannan rufi, Florida ma tana da My Safe Florida Home, sai dai kuɗin kan ƙare da wuri, layi kuma dogo ne. Ka kuma duba yadda takardarka ke biyan rufi: da kuɗin sabo, ko bayan an cire tsufa? Rufi mai shekara 15 da za a biya bayan cire tsufa, abin da zai zo hannunka ba zai rufe rabin gidan ba.

Inshorar ambaliya ta gwamnati

A ƙarshen Agustan 2017 guguwar Harvey ta zauna a kan kudu maso gabashin Texas kwana da kwanaki. A garin Nederland an auna ruwan sama fiye da inci 60. Bayan ruwa ya janye na je taya wani abokina aiki a wata unguwa da ke bayan madatsar Barker. Tagoginsa lafiya lau, ko kwano ɗaya bai ɗaga a rufinsa ba. Amma akwai wani layi ruwan ƙasa da ya zagaye falon a daidai gwiwa, kamar an ja da alli. Muka yanke allon bango har ƙugu, muka fitar da kafet mai nauyin gawa, katifu, firij, akwatin atamfofin matarsa da ta yi shekaru tana tarawa, duk muka jibge a bakin titi kan tulin na maƙwabta. Warin fumfuna ya bi ni gida har cikin mota. Ba shi da inshorar ambaliya, domin lokacin da ya sayi gidan an ce masa ba ya cikin yankin haɗari, banki ma bai nema ba. Mafi yawan gidajen da ruwa ya shiga a gundumar Harris a wannan karon suna wajen yankin da taswira ta yi wa alama. Guguwar Helene ta maimaita darasin a Satumban 2024, a tsaunukan yammacin North Carolina, ɗaruruwan mil daga inda ta sauka, inda kusan babu mai wannan inshora.

Shirin inshorar ambaliya na gwamnatin tarayya, wato NFIP, tun 1968 yake, hukumar agajin gaggawa ta FEMA ke riƙe da shi, amma a wurin dillalin inshorarka za ka saya, kuma farashin ɗaya ne ko ta wane kamfani ka bi. Yana biyan gini har dala 250,000, kayan gida har 100,000, kuma daban-daban ake sayensu, kada ka ɗauka ɗaya ya haɗa da ɗaya. A unguwar da haɗari bai yi yawa ba, ɗaruruwan daloli ne a shekara, a bakin ruwa kuma dubbai. Tun 2021 aka sauya lissafi ya koma kan kowane gida da nasa haɗarin, kuma ga gidan da mutum ke zaune a ciki, ƙarin shekara galibi ba ya wuce kashi 18. FEMA da kanta tana cewa inci ɗaya na ruwa zai iya jawo asarar dala 25,000. Wanda ya taɓa ɓamɓare daɓen katako ba zai yi musu ba.

Kyawunsa shi ne ba ya korar ka don ka nemi biya. Gazawarsa kuma a fili take: ba ya biyan kuɗin otal ko haya yayin da ake gyara, kayan gida bayan cire tsufa yake biyansu, ɗakin ƙarƙashin ƙasa kaɗan yake taɓawa, mota kuwa ba ta ciki sam, sai in inshorar motarka cikakkiya ce. Sannan ga kwana 30 na jira kafin ya fara aiki, sai fa in lokacin karɓar bashin gida ka saya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya saya ranar 20 ga Agusta ya bar kansa a buɗe har bayan tsakiyar Satumba.

Game da yankin da ake kira na ambaliyar shekara ɗari, sunan yana yaudara. Ma'anarsa kashi 1 cikin ɗari kowace shekara, wanda a tsawon bashin shekara 30 ya kai kusan kashi 26. Mai bashin banki a irin wannan yanki ba shi da zaɓi, dole ce.

Inshorar ambaliya ta kamfani

Nan akwai daɗi da ƙaya. Kamfanoni masu zaman kansu sukan ba da iyaka fiye da 250,000, wasu suna biyan masauki, jiran yakan tsaya a mako biyu ko ƙasa, kuma wani lokaci sun fi araha. Tun 2019 bankuna suna karɓar takardarsu in ta cika sharuɗɗa. Amma kamfani na iya ƙin sabunta maka bayan shekara mai muni, ko ya tattara ya bar jihar. In kuma kana cin moriyar tsohon farashin gwamnati mai hawa a hankali ka fita, ranar da ka dawo za ka iya tarar da cikakken farashi yana jiranka. Mai gida mai tsada yana da hanya ta uku: ya riƙe ta gwamnati, ya sayi ƙari daga kamfani a kan abin da ya haura.

Na san akwai 'yan'uwa masu ƙyamar inshora saboda addini. Wannan magana ce ta malamai, kowa ya tambayi nasa. Abin da zan sa a kan ma'auni kawai shi ne, tallafin FEMA bayan bala'i yana da iyaka da ba ta kai dala 50,000 ba wajen gyaran gida, yawanci ma abin da ake samu ƙasa yake da haka sosai, sauran kuma bashin SBA ne, hukumar ƙananan sana'o'i ta gwamnati, wanda ake biya da kuɗin ruwa.

| Zaɓi | Yana tare | Kuɗi | Ɗorewa | Ranar guguwa | Inda yake ba da kunya |
|---|---|---|---|---|---|
| Katako | Iska | Ɗaruruwa | 'Yan shekaru | Wahala, mutum biyu | Ruɓewa, ba ragin inshora |
| Marufan ƙarfe | Iska | Dubbai | Shekaru da yawa | Minti 30 zuwa yini | Tsatsa, toshe hanyar fita |
| Tagogi masu jure duka | Iska | Dubun-dubata | Shekaru da yawa | Ba aiki | Rabi ba ya kawo ragi |
| Ƙarfafa rufi | Iska da yoyo | Dubbai, ko ƙari kan sabon rufi | Tsawon ran rufin | Ba aiki | Ma'aikaci maras ƙwarewa |
| Ambaliya, gwamnati | Ruwa | Duk shekara | Muddin kana biya | Jiran kwana 30 | Iyakar 250,000, ba masauki |
| Ambaliya, kamfani | Ruwa | Duk shekara | Sai yadda kamfani ya ga dama | Jira ya fi gajarta | Ƙin sabuntawa |

Janaretan uwargida fa? Tana da hujja. Guguwar Beryl ta bar sama da gidaje da shaguna miliyan 2 cikin duhu a yankin Houston a Yulin 2024, cikin zafin da mai ciwon suga ko jariri ba zai jure ba. Amma janareta jin daɗi yake karewa, ba gidan ba, ƙarami mai riƙe firij da fanka ya wadatar. A ajiye shi a waje, aƙalla ƙafa 20 daga ƙofa da taga, ba a gareji ba ko da ƙofar a buɗe take. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, kuma kusan bayan kowace babbar guguwa sai ta kashe mutanen da iska da ruwa suka bari.

To wa ya dace da me?

In gidanka yana nesa da teku amma a fili mai kwanciyar ruwa, irin Houston da kewaye ko tsakiyar Florida, fara da inshorar ambaliya ta gini da ta kaya tun watan Afrilu. Abin da ya rage ka ajiye daidai kason mai gida a asusun da ba ka taɓawa, sannan ƙofar gareji da katako. Wannan na faɗa wa ƙanina, ko da yake bai ji daɗi ba, don takarda ba ta ƙyalli kamar sabuwar taga.

In kana bakin teku, irin Fort Myers Beach a Florida inda guguwar Ian ta turo ruwa sama da ƙafa 10 a 2022, ba zaɓi ba ne tsakanin iska da ruwa, duka biyun naka ne. Bayan inshorar, sai marufai masu naɗewa, kuma in an ce a fita, a fita.

Mai tsohon gida a Florida da aka gina kafin 2002 ya fara kiran mai binciken iska. Kuɗin binciken kaɗan ne, zai gaya maka ko ƙarafan rufi kaɗai za su sauke maka kuɗin shekara.

Dattijo, ko mace mai zaman kanta da yara, ko mai yawan tafiya gida a watannin hutu, su ne tagogi masu jure duka suka fi yi wa rana in aljihu ya ɗauka. In bai ɗauka ba, masu naɗewa, amma ba faranti ba.

Wanda gidansa ya haura dala 250,000 wajen sake ginawa ya nemi farashin kamfani ya ajiye kusa da na gwamnati, ya tambayi abu uku: kwana nawa ne jira, ana biyan masauki, kuma a wane hali za su ƙi sabuntawa.

Mai haya kuma, taga da rufi na mai gida ne, amma kujera da kwamfuta da zinaren madam naka ne, inshorar mai gida ba ta san da su ba. Ana sayar da inshorar ambaliya ta kaya zalla, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, ka saye ta, musamman in a hawa na ƙasa kake. Shi da mai gida duka, su ɗauki waya yau su zagaya ɗaki-ɗaki suna bidiyo, a buɗe kowace durowa, a nuna lambar jikin firij da talabijin, sannan a tura wa wani ɗan'uwa da ke wata jiha ya ajiye.